Gana: Tambayar Da Ke Bin Shugabannin Cocin Mormon Tun 1978

Duk wanda ya bi ta titin Independence a birnin Akra zai hangi wani gini mai doguwar hasumiya, da mutum-mutumi mai ruwan zinariya a ƙololuwarta yana busa ƙaho. Haikalin cocin Mormon ke nan, wanda shugabansu na lokacin, Gordon Hinckley, ya buɗe a watan Janairun 2004. Shi ne na farko a Afirka ta Yamma, kafin na Aba a Nijeriya ya biyo baya a 2005. A 2018 shugabanninsu sun nemi a daina kiransu Mormon, a riƙa faɗin cikakken sunan cocin, to amma bakin jama'a ya riga ya saba.

Abin da ya bambanta wannan coci da sauran majami'un Kirista shi ne matsayin shugabansa. Tun da Joseph Smith ya kafa shi a jihar New York ta Amurka a 1830, mabiya sun ɗauki duk wanda ke kan kujerar a matsayin annabi mai karɓar wahayi. Shi da mataimakansa biyu da majalisar manzanni goma sha biyu suna zaune a birnin Salt Lake na jihar Yuta, kuma a babban taronsu mabiya kan ɗaga hannu su tabbatar da mubaya'a. A 1890, lokacin da shugaba Wilford Woodruff ya dakatar da auren mace fiye da ɗaya, ya ba su tabbacin cewa Allah ba zai taɓa barin shugaban cocin ya ɓatar da su ba. Ga Musulmi, ƙofar annabci a rufe take, yawancin Kirista ma ba su yarda da wannan da'awa ba. Shakkar da muke magana a kai daga cikin gida ta taso, kuma tushenta ya shafi baƙar fata kai tsaye.

A wannan coci, limanci ba na wasu zaɓaɓɓu ba ne. Kusan duk namiji mai kiyaye dokoki ana naɗa shi tun a shekarar da zai cika shekara goma sha biyu, kuma da wannan naɗi ne daga baya uba zai yi wa ɗansa baftisma ko ya sa wa mara lafiya albarka. A zamanin Joseph Smith an naɗa baƙaƙe, kamar Elijah Abel a 1836. Amma a 1852 magajinsa Brigham Young ya shelanta cewa ba za a ƙara naɗa mai jinin Afirka ba. An kuma hana baƙaƙe, maza da mata, ibadun haikali, inda a can ne ake ɗaura auren da suka yi imani zai ɗore har lahira. Dalilan da aka bayar su ne wai baƙaƙe zuriyar Ƙabila ne wanda ya kashe ɗan'uwansa Habila, ko kuma wai ruhinsu ya gaza tun kafin a haife su. A 1949 shugaban cocin da mataimakansa sun fitar da sanarwa cewa wannan hani umarni ne daga Ubangiji, ba tsarin mulki na mutane ba. Mai karatu ya riƙe wannan sanarwa, domin ita ce ƙashin bayan gardamar.

Duk da haka littattafan cocin sun iso yankinmu. A 1964 wani ɗan Gana, Joseph William Billy Johnson, ya karanta Littafin Mormon ya gamsu, ya shiga wa'azi ba tare da wani ya aiko shi ba, har ya tara ɗaruruwan mabiya a Akra da Cape Coast. Ya yi ta aika wasiƙu Amurka yana roƙon a turo masu yi musu baftisma, amsar da yake samu ita ce ya ƙara haƙuri. Shekara goma sha huɗu yana jira. A Nijeriya an so a buɗe ofishin mishan, sai wani ɗalibi ɗan ƙasar da ke karatu a Kalifoniya ya rubuto wa jaridar Nigerian Outlook ta Inugu a 1963 ya tona abin da cocin ke koyarwa game da baƙar fata. Gwamnati ta ƙi ba da biza, shirin ya watse.

A watan Yunin 1978 shugaba Spencer Kimball ya ba da sanarwar cewa wahayi ya zo, an ɗage hanin. Kafin ƙarshen shekarar 'yan mishan sun iso, aka yi wa Anthony Obinna baftisma a ƙasar Ibo a Nuwamba, Johnson kuma a Cape Coast a Disamba. Mabiya sun yi murna, masu shakka kuwa suka dubi lokacin da abin ya zo. Tun 1969 jami'ar Stanford ta daina buga wasa da jami'ar cocin saboda wannan hani, ga kuma sabon haikali ana gab da buɗewa a Sao Paulo ta Barazil, ƙasar da jini ya cakuɗe har ba a iya tantance wanda ba shi da kaka baƙi. Suka ce ruwa ba ya tsami banza.

Tabon bai goge ba. A ranar 14 ga Yunin 1989 gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da ayyukan cocin tare da na Shaidun Jehobah, aka kori 'yan mishan na waje, aka garƙame majami'u. Cikin zarge-zargen da suka yi yawo har da leƙen asiri da raina baƙar fata. Mabiya suka koma yin ibada a ɗakunansu har ƙarshen Nuwamban 1990 da aka janye dokar.

Abin da ya fi girgiza masu tunani a cikinsu ya zo ne daga hedikwatar kanta. A Disambar 2013 cocin ya wallafa wata maƙala a shafinsa na intanet, inda ya danganta farkon hanin da Brigham Young da yanayin wariyar launin fata na Amurka a wancan zamani, ya kuma barranta daga koyarwar cewa baƙar fata alamar la'ana ce ko sakamakon wani laifi kafin haihuwa. Maƙalar ba ta ce hanin kansa kuskure ne ba, ba ta kuma nemi gafara ba. A nan ne tambayar ta tsaya ƙiri-ƙiri. Idan dalilan ƙarya ne, to shugabannin da suka koyar da su na tsawon shekara 126 da sunan Allah, muryar wa suke ji? Idan kuma sanarwar 1949 ra'ayin mutane ce, da wane ma'auni mabiyi zai gane sanarwar gobe?

Masu kare cocin suna da amsa, kuma ya kamata mu kawo ta. Sun ce annabi mutum ne, yana iya kuskure, wahayi kuma kaɗan-kaɗan yake zuwa. Dieter Uchtdorf, yana mataimakin shugaba, ya amsa a babban taron Oktoban 2013 cewa akwai lokutan da shugabanni suka yi kuskure. Dallin Oaks ya faɗa a 2018 cewa ya yi nazarin dalilan hanin tun yana aiki, bai sami natsuwa da ko ɗaya ba, amma ya zaɓi biyayya. A ganinmu wannan amsa ta fi sauƙin karɓa ga wanda ba a taɓa hana kakansa shiga haikali ba. Wahalar ita ce, ana yarda da kuskuren shugaba ne bayan ya mutu. Mai rai kuwa, wanda ya fito fili ya yi jayayya da shi yana iya fuskantar kora.

Wasu al'amura sun ƙara wa wutar itace. A 2015 aka hana yi wa 'ya'yan masu auren jinsi baftisma, Russell Nelson ya kira matakin wahayi a 2016, sannan aka soke shi a 2019 yana shugaba. A 2023 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci cocin da kamfaninsa na zuba jari tarar dala miliyan 5 saboda ɓoye yawan hannun jarinsu a bayan kamfanoni 13 na jeka-na-yi-ka. Wannan ba ƙaramin labari ba ne ga manomin koko da ke cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ya samu yana miƙa wa coci.

Duk da haka cocin na ƙaruwa a Gana da Nijeriya da Kwaddibuwa, kuma 'yan ƙasa ne ke jan ragamar majami'unsa. A 2009 Joseph Sitati na Kenya ya zama baƙin Afirka na farko cikin manyan jami'an cocin na duniya. Amma shugabanci na ƙoli yana zuwa ne ga wanda ya fi daɗewa a majalisar manzanni, kamar yadda Oaks ya gaji Nelson a 2025, kuma har zuwa wannan shekarar ba a taɓa sanya baƙar fata a majalisar ba. Shi kuwa Johnson, bai bar cocin ba har ya rasu a 2012, shekara guda kafin hedikwata ta barranta daga dalilan da suka sa shi jira.