Zaɓa wa mai lalura a gida na'urar da zai kira a amsa masa

Da an idar da sallar asuba, gidajen Ɗorayi sukan fara raguwa. Masu aiki a masana'antun Sharaɗa da Challawa su kama hanya, wanda aikinsa ke Bompai ya riga su fita domin sai ya ratsa gari, ɗalibai su nufi makarantu da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Kafin hantsi, gidan da ya kwana da mutum goma ya koma hannun mace ɗaya tana fama da girki da wanki, sai kuma wanda ke kwance a ɗaki: mahaifin da shanyewar ɓarin jiki ta kayar, ko ɗan'uwan da haɗarin mota ya taɓa wa laka, ko kakar da ganinta ya tafi.

Babban abin da ke ci wa irin wannan bawan Allah tuwo a ƙwarya shi ne ya kira ba a ji ba. Yana son ruwa, ko a juya shi, ko a kai shi kewayawa, ko a kawo masa abin taimama kafin lokacin azahar ya fita, amma muryarsa ba ta wuce bakin ƙofa. Idan aka jima a haka sai ya daina kira, ya koma haƙuri, mutanen gida kuma su ɗauka ba ya bukatar komai.

Ƙararrawar da ake saye a kasuwa tana rage wannan matsala, sai dai aikinta rabi ne. Tana sanar da cewa ana kira, amma ba ta faɗin ko ruwa ake so ko faɗuwa aka yi, kuma mai kiran ba ya sanin ko an ji shi. Abin da ake nema shi ne na'urar da magana za ta tafi ta dawo: ya faɗi bukatarsa, ya ji an ce masa ga ni nan zuwa.

A fara da jikinsa kafin a je kasuwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo waya mai tsada, sannan a tarar mai ita ba ya iya taɓa ta. Kafin a fitar da kuɗi, a zauna da shi a duba abin da ya rage masa: wane hannu ne ke aiki, yana iya danna madanni ya riƙe, yana gani, yana ji, maganarsa tana fita? Idan yana zuwa asibiti, ko Dala ne ko Murtala ko na Malam Aminu Kano, a nemi shawarar likitan fisiyo da ke duba shi, domin shi ya san ƙarfin yatsunsa.

Mai shanyewar ɓarin jiki da hannu ɗaya ke yi wa aiki, ƙaramar waya mai manyan madannai ta fi masa babbar waya ta shafawa, wadda ke suɓucewa kuma take bukatar yatsa mai natsuwa. A saita masa kiran gaggawa, ta yadda idan ya danne lamba 2 za ta kira mai kula da shi, lamba 3 ta kira maƙwabci. Idan ɓangaren dama ne ya shanye, sau da yawa magana ma takan taɓu. Nan sai a yi yarjejeniya a kan alama: ƙwanƙwasa ɗaya na nufin e, biyu a'a, mai amsawa kuma ya riƙa yin tambayoyin da amsarsu ba ta wuce haka.

Makaho ma ya fi sakewa da waya mai madannai, domin lamba 5 tana da ɗan tudu da yatsa ke lalubowa, daga nan ya gane sauran. Matashin da ya saba da babbar waya zai iya amfani da manhajar da ke karanto abin da ke fuskarta, TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone. Kurma kuwa kiran bidiyo ne ya buɗe masa ƙofa, domin yana iya yin maganar hannu da ɗan'uwansa ta WhatsApp. Amma wannan sai da data, da haske a ɗakin, da abin jingina wayar don hannayensa biyu su sami sarari.

Cikin gida da wajen gida

Bukata iri biyu ce. Tsakanin ɗaki da madafa ko soro, oba-oba tana aiki ba kuɗin kira, ba ruwanta da sabis. Illarta ita ce sai an danne madanni ake magana, abin da hannu mai rauni ba ya jurewa, katangun siminti suna rage mata zango, kuma duk wanda ya kama tashar zai ji abin da ake faɗi. Manyanta masu dogon zango suna bukatar izinin hukuma. Wanda hannayensa biyu ba sa motsi, abin da ya dace da shi ita ce na'urar sauraren ɗaki irin wadda ake ajiye wa jarirai, mai ɗauko murya ba tare da an danna komai ba, da sharaɗin a zaɓi wadda ake iya mayar da magana ta cikinta.

Tsakanin Ɗorayi da Challawa ko Bompai kuwa sai waya. A tabbatar layin yana da rajista kuma an haɗa shi da lambar NIN, kamar yadda aka wajabta tun watan Disambar 2020, a kuma riƙa amfani da shi, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba ana rufe shi. A ajiye lambar agajin gaggawa ta ƙasa, 112, a cikin lambobin.

Sai maganar wuta. Duk na'urar da ba ta aiki sai a jikin soket, za ta mutu a daren da aka fi bukatar ta. A fifita mai batir da ke kwana biyu ko uku, a tanadi abin caji na hasken rana, a sa wa mutum ɗaya alhakin duba caji kullum bayan isha'i. Kada a bar waya tana caji a ƙarƙashin matashi, domin takan yi zafi. A ɗaure ta da igiya a ɓangaren hannun da ke aiki, ko a rataya masa a wuya idan yana takawa, tunda a banɗaki ake yawan faɗuwa. In an je Farm Centre ko titin Beirut, a yi sharaɗi da mai shago cewa za a gwada a ɗakin majinyacin, in ba ta dace ba a dawo a canza.

Ɗakinsa yana da alfarma

Na'urar da ke ji ko gani ba dare ba rana tana taɓa wani hakki da Musulunci ya tsare. A aya ta 58 ta Suratun Nur an umarci hatta yaran gida su nemi izini a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan isha'i. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Rashin lafiya bai ɗauke wa baligi mai hankali wannan alfarma ba. Don haka kada a sa kyamara ko na'urar saurare a ɗakinsa sai da saninsa da yardarsa, ya san wanda ke ji, kuma a kashe ta lokacin wanka da sauya tufafi, da lokacin da yake ganawa da iyalinsa ko baƙonsa. Idan hankali ya gushe, waliyyinsa ya tsaya a iya abin da lalura ta tilasta, kuma kada hoton ya bar wayar mai kula da shi ya shiga zaurukan dangi.

A tuna da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, Allah Ya ƙara masa yarda, makahon da farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa. Ya yi ladanci tare da Bilal, mutane suna sanar da shi ketowar alfijir, shi kuma ya ɗaga murya gari ya ji. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma wakilta shi a kan Madina a wasu tafiye-tafiyensa. An cike masa abin da ya rasa, aka bar masa muryarsa. Najeriya ta sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa a watan Janairun 2019, amma abin da ke faruwa a ƙuryar ɗaki sai tsoron Allah ne ke iya tsare shi.

Wa zai ɗauka?

A wuraren aiki da dama ba a barin ma'aikaci ya riƙe waya a gaban inji, inda aka bari ma ƙara ba ta barinsa ya ji. Saboda haka iyali su raba lokaci a rubuce: wane ne mai amsawa da safe, wane ne da dare, wane maƙwabci ne ke riƙe da makullin gida. Idan ya kira don hira kawai, kada a yi masa tsawa. Wanda aka gwale sau biyu ba zai kira a karo na uku ba, ko da kuwa a ƙasa yake.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.