Zumar da ke cikin ɗacin rashi

A wannan makon allonmu zai taɓo batun da ba mu cika son tadawa ba, wato rashi. Daga nan Tsibiri zuwa Maradun, Bakura da Talatar Mafara, da wuya a samu ajin da ba wanda ya yi zaman makoki a 'yan shekarun nan, ko dalilin ciwo ko ta'asar 'yan bindiga. Mukan ce wa juna "sai haƙuri", har wasu suka ɗauka haƙuri shi ne a haɗiye hawaye a yi gum.

Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo ba ta yi gum ba. Da yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, sai ta rubuta masa marsiyya, wato waƙar makoki. Haka ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo da aminiyarta A'ishatu. A cikin waɗannan waƙoƙi takan bayyana raɗaɗin zuciyarta, ta lissafa kyawawan halayen mamacin, sannan ta miƙa al'amarin ga Allah. Ta samo wannan daga tushe, domin Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Irin wannan zafi mai daɗi shi Bahaushe ke kira bege. Mai waƙar begen Annabi kuka yake yi, amma ba ya son a raba shi da kukan.

Ko a Indiya, mabiya addinin Hindu sun san haka. Suna kiran zafin rabuwa da abin ƙauna "viraha". Mirabai, gimbiyar yankin Rajasthan a ƙarni na 16, ta rasa mijinta tana matashiya, ta juya baƙin cikinta zuwa waƙoƙin begen Krishna, abin bautarsu, kuma har yau ana rera su. Aƙidarmu da tasu ba ɗaya ba ce, amma sun lura da abin da Nana ta lura da shi: ba a begen wanda ba a so, don haka duk inda kewa take, akwai ƙauna a ƙarƙashinta.

Idan kewar wani ta taso mana, mu ɗauki biro mu rubuta alherinsa guda uku, mu yi masa addu'a. Wanda ya so, ya kawo wa ƙungiyarmu mu liƙa a nan. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.