Dokar Martyn: Birtaniya ta wajabta shirin ko-ta-kwana a wuraren taro

A daren 22 ga Mayun 2017, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a zauren Manchester Arena yayin da jama'a ke fitowa daga wasan mawaƙiya Ariana Grande. Mutum 22 suka mutu, ciki har da yara.

Binciken da Sir John Saunders ya jagoranta ya gano abu mai ɗaga hankali. Maharin ya shafe kusan awa guda yana laɓe a wani lungu da kyamarori ba sa gani, ga ƙatuwar jaka a bayansa. Wani mutum da ya zo ɗaukar wata yarinya ya lura da shi, ya gaya wa mai gadi. Saƙon bai kai ɗakin kula da tsaro ba. Matasan da ke gadin suna da ido, horon da zai sa su yi gaggawa ne ya yi ƙaranci.

Figen Murray, mahaifiyar Martyn Hett da ya rasu a harin, ta yi shekaru tana fafutika har aka sa hannu kan dokar da ke ɗauke da sunan ɗanta a Afrilun 2025.

Dokar ta ce duk wurin da ke tara mutum 200 zuwa 799 dole ma'aikatansa su san yadda za su fitar da jama'a, ko su shigar da su ciki, su kulle ƙofofi, su kuma sanar da kowa. Daga 800 zuwa sama sharuɗɗan sun fi tsauri, amma masallatai da coci-coci suna matakin farko, wato na mutum 200 zuwa 799, ko da masu ibada sun wuce haka. An ware aƙalla shekara biyu domin shiri kafin ta fara aiki.