Ciwon baya a Birnin Gwari: kafin ka bari a taka maka gadon baya

Bayan sallar isha'i a lokacin kaka, shiga gidan manomi a Randagi ko Dogon Dawa, da wuya ka rasa magidanci ya yi ruf da ciki a kan tabarma yana kiran ɗansa: "Kai, zo ka taka mini baya." Yaron ya dafa bango, ya hau a hankali, yana tattakawa daga kafaɗa zuwa ƙugu. Can sai ka ji ƙas! Uban ya ja dogon numfashi ya ce, "Yauwa, Allah ya yi maka albarka."

Wannan bawan Allah ya wuni a duƙe yana karyar masara, ya kuma ciccibi buhu mai kilo 100 zuwa bakin hanya. Tun bayan sulhun da gwamnatin Kaduna ta ƙulla da 'yan bindiga a watan Nuwamban 2024, manoma da yawa sun koma gonakin da suka ƙaurace wa a gefen dajin Kamuku. Jikin da ya yi shekaru bai riƙe garma ba, ga shi ya faɗa aiki gadan-gadan. Haka mai haƙar zinariya da ke tsugune a rami, da matar da ke ɗauko itace, da ɗan acaɓan da ke shan gargada a hanyar Kaduna. Duk kukansu ɗaya: ƙugu.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki a duniya.

A ƙasan gadon baya akwai ƙasusuwa biyar da suka hau kan juna, tsakanin kowane biyu da faifan guringuntsi mai laushi kamar matashi, tsoka kuma ta ɗaure su. Su ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Idan faifan ya bulluƙo ya danne jijiya, sai zugi ya sauka ta ɗuwawu har tafin ƙafa. Amma a cikin masu ciwon goma, wajen tara ba a samun wata cuta takamaimiya: tsoka ce da gaɓɓai suka jigata, kuma galibi sauƙi na zuwa cikin makonni shida. Mu kuwa da zarar ƙugu ya riƙe sai mu ce basir ne ko sanyi, mu yi ta ɗirkar jiƙo, alhali kayan da muka ɗauka ne ke magana.

Yanzu kuma wayoyi sun cika da bidiyon masu murɗa wa mutane baya da wuya har a ji ƙara. Sunan wannan sana'a kairofiraktik, wato gyaran gadon baya da hannu. Daniel David Palmer ne ya ƙirƙiro ta a 1895 a garin Davenport na Amurka, yana da'awar cewa yawancin cututtuka gocewar ƙashin baya ke kawo su. Bincike bai gaskata wannan da'awa ba. Ƙarar nan ma da ake ji ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa, iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji idan an lanƙwasa yatsa.

Duk da haka hannun gwani na da amfani. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon bayan da ya wuce wata uku, ta sa gyara da hannu da tausa cikin abin da za a iya yi, tare da motsa jiki da fahimtar da maras lafiya. Sauƙin da ake samu matsakaici ne, bai zarce na motsa jiki ba. Ta kuma ce a guji ɗamarar ƙugu da magunguna dangin tiramadol. A Najeriya masu kairofiraktik kaɗan ne, akasari a Legas da Abuja. Wanda ya fi kusa da mu shi ne likitan gashin ƙashi, a asibitin Barau Dikko na Kaduna, ko na Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan da bai kamata kowa ya taɓa ba, ko mai ɗori ne, ko wanzami, ko yaron gida. Tarin fuka na cin ƙashin baya har ya rarake shi, a hau a taka, mutum ya tashi da shanyewar ƙafafu. Saboda haka idan ciwon ya zo da zazzaɓi, rama ko gumin dare, kada a taɓa shi. Haka ma idan ya biyo bayan faɗowa daga babur ko ruftawar rami. Idan ƙafa ta yi rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida suka ƙi tsayawa ko suka ƙi fita, to a nufi asibiti a ranar. Murɗa wuya kuwa, ko da ba kasafai ba, yana iya yaga jijiyar jini ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Idan babu waɗannan alamu, kada ka kwanta ka langwaɓe. Kwanciyar kwanaki sandarar da baya take yi. Ka riƙa takawa, ka gasa wurin da ruwan ɗumi, ka koma aiki sannu a hankali. In za ka ɗaga kaya, durƙusa da gwiwa, ka manna shi da jiki, kada ka juya ƙugu da nauyi a hannu. Dikilofenak da ake sha kamar gyaɗa yana ƙona ciki, yana taɓa ƙoda. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda kuwa ba ka san me ke ciki ba.

Mun sha wuya kafin gonakinmu su dawo hannunmu. Mu raba buhu gida biyu, ko mu kira ɗan'uwa a kama tare, domin bayan da ya yi noman bana shi za mu sake nema baɗi.