Kayan da muke kira "Pakistan": me suke nufi a ƙasarsu?

Idan ka shiga kasuwar Talata Mafara ana gab da Sallah, ka tsaya a rumfar masu kayan mata, da wuya ka daɗe ba ka ji wata ta tambaya ba: "Akwai Pakistan?" Kowa ya san abin da take nufi: riga mai kaiwa gwiwa, da wando, da mayafi mahaɗinsu. Sunan ƙasa guda ya zama sunan ɗinki a bakinmu. To su can Pakistan ɗin, me wannan kaya yake nufi a wurinsu?

Sunansa a can shalwar kamis. Shalwar shi ne wando mai faɗi daga sama, ya tsuke a idon sawu, kuma kalmar ta Farisanci ce. Kamis kuwa ba baƙuwarka ba ce idan ka yi makarantar allo: ita ce kalmar Larabcin da aka kira rigar Annabi Yusuf da ita a Alƙur'ani. Mayafin da mata ke haɗawa shi ake kira dupatta. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a can ba kayan mata ba ne kawai. Manomi da direba da limami da firaminista duk shi suke sawa.

Kayan sun girmi ƙasar nesa ba kusa ba, amma siyasa ce ta mayar da su tufafin ƙasa. Muhammad Ali Jinnah, wanda ya jagoranci kafa Pakistan a 1947, lauya ne da aka sani da kwat irin ta Ingila. Da tafiya ta yi nisa sai ya koma fitowa taro da doguwar riga mai maɓallai da ake kira sherwani, da hular fatar ɗan rago wadda har yau sunansa take amsawa. A shekarun 1970 Zulfikar Ali Bhutto ya riƙa hawa mumbarin siyasa da shalwar kamis, kayan da a lokacin manyan ma'aikata ke ɗauka na talaka ne. A farkon shekarun 1980 kuma gwamnatin Janar Zia-ul-Haq ta umarci ma'aikatanta su riƙa zuwa ofis da shi.

Wannan labari ai ka san irinsa. Tafawa Ɓalewa ya karɓi 'yancin Najeriya a 1960 cikin babbar riga da rawani. Malam Aminu Kano ya zaɓi fararen kaya marasa ado da jar hula, talaka yana ganinsa ya san da wa ake. Kafin mutum ya buɗe baki, rigarsa ta riga ta yi magana.

Kuma mutane ba sa wasa da wannan magana. A 2009 wani mai gabatar da shiri a talabijin ya soki Shugaba Asif Ali Zardari saboda ya sa hular mutanen Sindh a tafiyar aiki zuwa waje. Mutanen lardin suka fito tituna da hulunansu. Daga nan aka samu ranar al'adun Sindh, wadda ake yi duk Lahadin farko ta Disamba.

A ranar, bayan hula, abin da ya fi yawa a kafaɗun mutane shi ne ajrak, wani mayafi mai zanen shuɗi da ja da ake bugawa da hatimin katako, ana yafa wa baƙo don girmamawa kamar yadda sarki ke ba da riga. Jan daga saiwar wani tsiro ake samunsa. Shuɗin kuwa baba ne, irin wanda ake rini da shi a Ƙofar Mata a Kano. Kimiyyar ma ɗaya ce. Shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka sai an jiƙa shi da ruwan toka an bar shi ya ruɓa, ƙwayoyin halitta su sauya shi zuwa wani nau'i mai narkewa. Shi ya sa zane ke fitowa daga karofi da kore-kore. Da iska ta taɓa shi sai ya koma shuɗi, ya maƙale cikin zaren.

Faɗin kayan ma yana da dalili. Garin Jacobabad na Sindh yakan haura digiri 50 a ma'aunin zafi, kai kuma ka san yadda Afrilu take a Bakura. A 1980 mujallar Nature ta buga wani bincike da aka yi kan rigunan Larabawan ƙauye a hamada. Masu binciken sun gano cewa zafin da ke isa jikin mutum kusan ɗaya ne, ko baƙar riga ya sa ko fara, in dai mai faɗi ce. Iskar da ta ɗumama tsakanin fata da yadi tana tashi sama ta fita ta wuya, wata ta shigo ta ƙasa, ta kwashe zafi da gumi. Shalwar kamis da babbar riga da jallabiya duk a kan wannan hikima suke.

Ta yaya kayan suka iso mu? Hanyoyin da yawa ne: finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a Arewa, da tsarabar alhazai daga Makka da Jidda, da 'yan kasuwar Dubai, da malaman Pakistan da Indiya da suka koyar a makarantun sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980. Sun kuma samu karɓuwa don suna suturta jiki, ga sauƙin zirga-zirga. Sai dai a hanya ma'anar ta sauya. Abin da yake kayan kowa da kowa a Lahore, a nan ya zama kwalliyar 'yan mata.

Akwai bambanci guda da ya kamata ya tsaya maka a rai. Tufafin Pakistan a gonarsu suke tsira. A kwarin kogin Indus ake noman audugar da ruwan ban-ruwa, kuma tarihin abin ya yi nisa, don an tono guntun saƙar auduga a tsohon birnin Mohenjo-daro mai shekara fiye da 4,000. Yau masaƙun Faisalabad da Karachi ke sarrafa ta, kuma yadi da tufafi ne ke kawo wa ƙasar fiye da rabin kuɗin da take samu daga kayan da take fitarwa.

Mu ma muna da kogi da madatsa. An kammala dam ɗin Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978 domin shayar da gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun, bayan an raba dubban manoma da filayensu, har aka zubar da jini a 1980. Zamfara ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni, kuma Gusau ta taɓa tinƙaho da masaƙarta. Masaƙar ta yi shiru. Shaddar da ake ɗinka babbar rigar Sallah da ita yanzu yawanci daga Sin ko Turai take zuwa, aska takwas ɗin da ke ƙirji ma sau da yawa inji ne ya yi ta.

Ba laifi ba ne 'yarka ta sa Pakistan ranar Sallah, tufafi sun saba tafiya tare da fatake. Amma idan akwai tsohuwar rigar saƙi a adakar gidanku, ka ciro ta ka tambayi dattijon gida wa ya kaɗa zaren, wa ya saƙa, a wace marina aka rina ta. Ka rubuta amsar tun yana nan.