Juriyar zafi ta haidirojel a aikin haƙo man fetur

Haidirojel wani abu ne mai kama da daskararren kamu, wanda ake samu idan aka sarƙe zaruruwan folima da juna har suka zama raga mai riƙe ruwa. Folima sinadari ne mai dogayen ƙwayoyi kamar zare. Akwai na halitta, irin wanda ke cikin ƙaro da yauƙin kuɓewa, akwai kuma na masana'anta, irin foliakirilamaid. Juriyar zafi ita ce iya tsawon lokacin da haidirojel zai yi cikin zafin ƙarƙashin ƙasa bai tsinke ba, bai kuma saki ruwansa ba. Wannan juriya ce ke nuna ko zai yi amfani a rijiyar mai ko kuɗin da aka kashe zai tafi a banza.

Amfaninsa a rijiyar mai

Idan ƙarfin rijiya ya ragu, kamfanoni kan tura ruwa ta wata rijiya domin ya koro man zuwa wadda ake ɗiba. Sai dai ruwa yakan bi hanya mafi sauƙi, wato tsagogin dutse da yashi mai manyan ƙofofi, ya bar mai a sauran wurare. Shi ya sa sau da yawa fiye da rabin man yake saura a ƙasa. Ana tura haidirojel yana ruwa-ruwa, ya shiga waɗannan tsagogi ya daskare, sai ruwan da ke biye ya karkata zuwa inda man yake. A shekarun 1980 kamfanin Marathon na Amurka ya samar da haɗin foliakirilamaid da kromiyam don wannan aiki. A ƙasar Sin kuma, filin mai na Daqing ya fara amfani da ruwan folima a babban mataki tun 1996.

Yadda zafi ke lalata shi

Zafin ƙasa yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas a kowace kilomita ɗaya ta zurfi. Rijiya mai zurfin kilomita 3 tana iya kaiwa digiri 100. A irin wannan zafi abubuwa uku ne ke faruwa.

Na farko, ruwan zafi yana sauya wasu sassan zaren foliakirilamaid su zama masu caji. Waɗannan sassa suna kama kalsiyam da magnesiyam da ke cikin ruwan gishirin ƙasa, sai folimar ta dunƙule ta kwanta kamar dussa. Na biyu, ragar tana iya matsewa fiye da kima ta fitar da ruwan da ta riƙe, kamar yadda kindirmo ke tsatsafo ruwa idan ya kwana. Idan ta tsuke, tsagar da aka toshe sai ta sake buɗewa. Na uku, iskar oksijin da ƙarfen da ya narke a ruwa suna yanyanka zaren, kaurinsa ya zube.

Saboda haka ba zafi kaɗai ake dubawa ba, har da irin ruwan da ke wurin. Binciken da Moradi-Araghi da Doe suka wallafa a 1987 ya nuna cewa foliakirilamaid yana jure digiri 75 ne kawai idan kalsiyam da magnesiyam sun kai miligiram 2,000 a lita ɗaya, amma iyakar tana hawa zuwa digiri 96 idan sun sauka zuwa miligiram 270.

Hanyoyin ƙara juriya

Ana haɗa akirilamaid da wasu sinadarai, kamar AMPS da NVP, waɗanda ke kare zaren daga sauyawa. Ana kuma maye gurbin kromiyam da masu sarƙewa irin PEI, domin ɗaurinsu ya fi ƙarfi a zafi. Wasu kamfanoni suna daskarar da haidirojel tun a masana'anta, su busar, su niƙa shi ƙanana, sai ya kumbura bayan ya shiga rijiya. Kafin a yi amfani da kowane haɗi, ana rufe shi a kwalba marar iska tare da ruwan rijiyar, a ajiye a tanda na tsawon watanni ana auna kaurinsa.

Dangantaka da gabashin Sakkwato

Ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo suna kan Kwarin Sakkwato, wanda yanki ne na babban kwarin Iullemmeden da ya ratsa Nijar da Mali. Masana duwatsu sun raɗa wa wasu shimfiɗun ƙasar sunayen garuruwan yankin: Taloka, Dukamaje da Wurno, waɗanda a haɗe ake kira rukunin Rima. A shimfiɗar Dukamaje aka samo ƙasusuwan dabbar teku da aka sa wa suna Goronyosaurus, shaidar cewa teku ya taɓa rufe wurin.

Ba a haƙo mai a wannan kwari, amma yana cikin kwaruruwan da Najeriya ke neman mai a cikinsu, kuma dokar man fetur ta 2021 ta ware asusu don irin wannan bincike. Shimfiɗun Sakkwato ba su kusa da na Neja Delta kauri ba, don haka zafinsu bai kai na can ba. Amma akwai jifsam a shimfiɗun Dukamaje da Dange, akwai kuma farar ƙasa a Kalambaina, inda ake yin siminti, kuma dukansu tushen kalsiyam ne. A irin wannan ƙasa, gwajin ruwan rijiya yana da muhimmanci daidai da auna zafinta kafin a zaɓi folimar da za a tura.