Yadda Kiɗan Rege Ya Haɗu Da Na Fank A Landan



Kusan kowa ya san Bob Marley, har a jikin Keke Napep ana manna hotonsa. Amma ba kowa ya san cewa kiɗansa, wato rege, ya taɓa ƙulla zumunci da wani kiɗan Turawa mai suna fank ba.

Rege daga Jamaika ya fito. A hankali yake tafiya, ganga da jita mai kaurin murya ne kan gaba. A ɗakin ɗaukar waƙa, mai haɗa sauti yakan rage muryar mawaƙi ya ƙara amsa-kuwwa, kamar ka yi kira a cikin rijiya. Lee Perry gwani ne a wannan aiki. Shi kuwa fank, a 1976 ya yi tashe a Landan. Yawanci samari farar fata ke yin sa, da sauri da ihu.

To yaya aka yi suka haɗu? A 1977 wani saurayi mai suna Don Letts, wanda iyayensa 'yan Jamaika ne, shi ke sa fayafai a gidan rawa na Roxy. Fayafayan fank ba su da yawa a lokacin, sai ya riƙa cike gurbi da rege, samarin kuma suka so shi. A shekarar ce ƙungiyar The Clash ta maimaita "Police and Thieves", waƙar Junior Murvin wadda Lee Perry ya haɗa. Bob Marley ma ya fitar da "Punky Reggae Party".

Kukansu ɗaya ne: rashin aikin yi da takurawar 'yan sanda. A 1978 The Clash da ƙungiyar rege ta Steel Pulse suka yi wasa a taro ɗaya a Victoria Park, dubban mutane suka fito don ƙin wariyar launin fata.

Wannan ya sa na tuna da garinmu. Iyayenmu sun ce bayan rikicin 2000 ne mutane da yawa suka rabu, Musulmi suka taru a arewacin Kogin Kaduna, Kirista a kudu. Ni kaina ba ni da aboki ko ɗaya a Barnawa ko Sabon Tasha. Samarin Landan da sauraron juna suka fara. Ina roƙon malamanmu su ba mu dama mu riƙa musayar rubutu da wata makaranta ta ƙetaren gada. Su liƙa namu, mu liƙa nasu.